Murnar da Na Yi da Ramar Babanka

Zuwa ga ɗana Babagana,

Da sunan Allah nake farawa, shi nake roƙo ya riƙe maka hanya tun daga tashar Difa har Damagaram. Ya sa duk shingen sojan da za ku tsaya ku wuce lafiya, ya kare ka daga masu tare hanya, ya sauke ka cikin mutanen kirki. Ina gaishe ka gaisuwar uwa. Ƙannenka Fanna da Ari ma suna gaishe ka, ko da yake Ari ya ce shi ba zai yi kewarka ba tunda ya gaji katifarka.

Ba labarin gida zan ba ka ba, daga cikinsa ka fito. Na ɗauki biro ne saboda maganar da na yi ta son yi maka baki da baki ta ƙi yiwuwa. Duk ranar da na ce ka je a auna jininka sai ka ce, "Inna, ni lafiyata ƙalau," ka zura takalmi ka fita. Ban ga laifinka ba. Ni na koya wa gidanmu gudun wannan magana. Yanzu za ka yi nisa, ga karatun jami'a gabanka, ba ni kusa balle in yi ta naci. Don haka ka daure ka karanta har ƙarshe, ka ji yadda babanka ya rasu da inda hannuna yake a ciki.

Kana ƙarami, muna Geskeru, ni ina koyarwa a firamare, babanka yana noman tattasai a bakin kogin Komadugu. Ba za ka tuna ƙarfinsa na lokacin ba. Shi kaɗai yake saɓa injin ban ruwa a kafaɗa ya gangara da shi gaɓa. Wata shekara ƙanensa ya yi hatsarin mota aka kawo shi asibiti nan Difa, ana neman jini. Babanka ya miƙa hannu aka ɗiba. Can sai ma'aikacin labo, inda ake auna jini, ya ja shi gefe ya ce ba za su iya sa wa kowa jininsa ba, akwai ƙwayar ciwon hanta a ciki, wadda suke kira epatit B. Ya ce ya dawo a duba masa hantar, ya kawo iyalinsa su ma a auna su.

Babanka ba mai ɓoye-ɓoye ba ne. Yana dawowa ko ruwa bai sha ba ya ce, "Madam, zo ki ji abin da suka ce." Haka yake kirana tun da aka ɗauke ni koyarwa, rabi girmamawa rabi tsokana. Ya faɗa mini duka. Ni kuwa na taɓa zama a wani taron malamai aka lissafa mana hanyoyin da ake ɗaukar ciwon nan. Cikin hanyoyin duka ɗaya kaɗai ta zauna mini a kai, wato kwanciya da mace. Na tuna yadda yake tsallaka ruwa da buhunan tattasai zuwa kasuwannin Najeriya ya yi kwanaki bai dawo ba. Nan take na yanke masa hukunci a zuciyata. Ban tambaye shi ba. Cewa na yi, "Kada kowa ya ji wannan. Ciwon shawara ne, za ka sha jiƙo ya wuce."

Ya ce, "Ai sun ce in kai ku."

Na ce, "Ka kai mu a yi mana kallon me? Ni ƴaƴan mutane nake koyarwa."

Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ɗauki buta ya fita. Daga ranar maganar ba ta sake tashi ba.

Babagana, ka ji tsoron rabin sani, ya fi jahilci ɓarna, don jahili yana tambaya, mai rabin sani kuwa ya riga ya gama. Za ka shiga inda ake ɗaukar ilimi da cokali-cokali, kowa ya ɗanɗana ya ce ya ƙoshi. In ka ji abu ɗaya cikin goma, ka nemi taran kafin ka buɗe baki. In kuma zuciyarka ta zargi wanda kake zaune da shi, ka zaunar da shi ka tambaye shi. Fushin sa'a ɗaya ya fi shirun shekaru sauƙi.

Ciwon nan ba ya ihu. Shekaru suka yi ta wucewa babanka yana noma yana ci yana dariya, har ni kaina na fara cewa ma'aikacin nan kuskure ya yi. Sai fitina ta zo. Ka san wannan, da wayonka. Aka sa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin tattasai da na kifi, man injin ma ya zama sai da izini. Mutanen daji masu bindiga suka fara tsallako ruwa, aka rufe makarantarmu. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa muka kwashe abin da hannu zai iya ɗauka muka dawo Difa gidan yayana. Mutumin da bai san zama ba ya koma ƙarƙashin rumfa da rediyo a kunne. Ya yi ƙiba, ya yi tumbi, kansa ya riƙa ciwo. Na raka shi asibiti. Likita ya ce tansiyonsa ya hau, wato hawan jini, aka yi analiz, wato gwajin jini, ya ce kitsen jininsa ma, wanda suke kira kolesterol, ya ɗan wuce inda ake so. Yana cikin rubutu ya ɗago ya ce, "Baba, akwai wani ciwo da aka taɓa ce kana da shi?"

Na ga babanka ya buɗe baki. Kafin ya furta na ce, "Babu."

Ya juyo ya kalle ni, ya rufe bakinsa. Likitan ya ci gaba da rubutu. Ba shi da laifi, abin da aka ba shi da shi ya yi aiki. Da na yi shiru a wannan rana, da tun lokacin aka fara bin hantar.

Saboda haka in ka zauna gaban likita ka zazzage masa jakarka duka, har abin da kake ganin bai shafi zuwanka ba, shi ya san wanda zai tsinta. In kuma kai ka raka marar lafiya, ko matarka ce ko ni ce, ka bar shi ya amsa da bakinsa. Jikinsa ne.

Zan gaya maka abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ji daɗin ciwon kitsen nan. Ciwo ne da ake faɗa a gidan suna ba tare da an sunkuyar da kai ba, ciwon alhazai da manyan ma'aikata. Na samu ciwon da zan yi jinya a fili, na jingine wancan. Na shiga madafa da ƙarfina. Na cire man shanu daga burabuskonsa. Na hana shi kifi soyayye, sai dafaffe. Da Babbar Salla kowa yana cin denderu, naman nan da ake turarawa har ya narke, shi na ajiye masa tsoka busasshiya kamar igiya. Likita bai ce in yi haka duka ba, cewa ya yi a rage. Ni na ƙara nawa. Ina gaya wa kaina lafiyarsa nake nema, kuma da gaske ina nemanta, amma a ƙasan tukunyar akwai tsohon fushin nan da ban taɓa furtawa ba. Wata rana ya leƙa kwanonsa ya ce, "Madam, ko a sansanin ƴan gudun hijira ana raba mai." Kuka yi dariya, ni ma na yi, amma ban ƙara masa ko ɗigo ba.

Sai ya fara ramewa. Da muka koma aka sake analiz, kitsen ya sauka. Na yi murna. Bayan wasu watanni aka sake, ya ƙara sauka. Na riƙa gaya wa matan unguwa, "Ko ƙwaya ɗaya ta rage kitse bai sha ba, da tukunya kawai na yi aikin." Har wasu suka riƙa zuwa in koya musu yadda za su yi wa nasu mazan. Shi kuwa yana ta ƙara ɗaure zariyar wando. Ya ce mini, "Abincin nan ba ya shiga. Loma kaɗan sai in ji na cika, nan gefen dama kamar an ajiye mini dutse."

Na ce, "Kewar man shanu ce, za ka saba."

Kai ma ka yi magana, ko ka manta? Ka dawo daga makaranta ka same shi yana alwala, ka ga ƙasusuwan wuyansa, ka biyo ni madafa ka ce, "Inna, Baba fa ya rame da yawa." Na ce maka ramar lafiya ce, ka je ka yi karatunka. Kai da ba ka san komai a kan kitsen jini ba, kai ka ga abin da ke gabanka. Ni na ƙi gani, don sakamakon labo yana yaba mini.

Kada ka yarda abin da ke faranta maka rai ya rufe maka ido, ɗana. Labarin da ya zo daidai da abin da kake so, shi ya fi cancanta ka juya shi ka duba bayansa. Kuma in mutum ya ce maka ga inda ke masa ciwo, kada ka fassara masa ciwonsa.

Wadda ta tsayar da ni wata likita ce, yarinya, da ƙyar ta girme ka da shekara goma. Mun je ne don maganin tansiyo kawai. Na shimfiɗa mata sakamakon analiz ɗin nan, na farko da na baya, ina jiran yabo. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce, "Wane maganin rage kitse yake sha?"

Na ce, "Babu. Ni ce maganin."

Ba ta yi dariya ba. Ta ja fatar idonsa ta leƙa, ta ce ya kwanta, ta danna ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama. Babanka, da ban taɓa jin ya yi nishi ba ko ranar da ƙugiya ta shige masa tafin hannu, ya yi wani nishi da har yau yana kunnena. Ta wanke hannu ta zauna, ta ce, "Mama, yawancin kitsen nan da muke aunawa ba daga tukunyarki yake zuwa ba. Hanta ce ke haɗa shi, ita ce kuma ke haɗa abin da ke ɗaukarsa ya zaga da shi cikin jini. Gyaran abinci yana rage shi, amma ba ya kai shi ƙasa haka. In mutum yana ramewa, kitsen jininsa yana ta sauka ba magani, har da mai kyaun da muke so ya yi yawa, to muna tsoron ko hantar ce ta gaza aikinta. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, alama ce. Sai mun bincika."

Daga nan ta juya kujerarta ta ba ni baya, ta tambaye shi da Barbarci, a hankali, "Baba, an taɓa ce maka kana da ciwon hanta?"

Wannan karon na bar shi ya amsa. Ya ce, "An taɓa, ƴata. Tun muna gida."

"Me ya hana ka dawowa a duba ka?"

Ya ce, "Noma ne ya ɗauke mini hankali."

Bai ko kalli inda nake ba. Haka ya rufa mini asiri a gaban yarinyar nan, ni da na yi shekaru ina zaton nasa asirin nake rufewa.

Aka yi wasu analiz ɗin, aka ɗauki hoton ciki, aka tura mu Yamai. Lokacin ne muka ce muku za mu je gyaran takardun fanshona. A can babban likita ya nuna mini hoton. Hantar ta tsuke ta yi tauri, ƙari ya fito a cikinta, ciwon daji ne, kuma ya riga ya yi rassa inda wuƙa ba za ta kai ba. Ya ce ƙwayar nan ce ta yi shekaru tana cin hantar a ɓoye har ta kai ga haka. Ya ce akwai magani da ake sha kullum yana kwantar da ƙwayar, kuma wanda ake dubawa a kai a kai, ko ƙarin ya fito ana iya kama shi yana ƙarami. "Ba zan ce miki lalle da ya tsira ba, rai na Allah ne. Amma da mun sami abin yi." Na tambaye shi ko abincin da na hana shi ne ya jawo. Ya ce a'a, abincina bai kawo ciwon ba. Na gode masa. Sauran tambayar, wato ko ɓoyewar da na yi ce ta kai mu nan, ban yi ta ba, don na san amsarta.

Muka dawo Difa da maganin rage zafi. Washegari na tafi kasuwa na nemi man shanu mai kyau wurin Fulani, na sayi nama, na yi denderu, na tuƙa burabusko na malala masa mai har yana ƙyalli. Na kai masa rumfa na buɗe kwano. Ya shaƙi ƙamshin ya lumshe ido, ya ce, "Madam, an ɗage dokar ta-ɓaci ke nan?" Ya dangwali man da yatsa ya sa a harshe. Ya yi ƙoƙari, wallahi ya yi ƙoƙari, don ya ga ina tsaye. Loma ɗaya ta ƙi wucewa. Ya tura kwanon a hankali ya ce, "Ba yara, kada ya huce." Ku kuka cinye, kuna murna Inna ta sauko. Ni ina madafa na toshe baki da zane.

Na hana shi lokacin da zai iya ci, na kawo masa lokacin da ba zai iya ba. Ka kiyayi kulawar da ke da bulala a ciki, Babagana. In kana fushi da mutum ka ce kana fushi. Kada ka ɓoye fushin cikin hidima, har kai kanka ka kasa bambance su.

A watannin da suka rage na yi niyyar in durƙusa in gaya masa abin da na zarge shi da shi, in roƙi gafara. Kullum sai in ce bari ya ɗan ji sauƙi. Cikinsa ya kumbura, idonsa ya zama kamar an shafa gangamau, maganarsa ta riƙa raguwa. Ran da ya cika, da hantsi, kana riƙe da kansa. Ban faɗa ba. Na ce muku ciwon hanta ne, na tsaya nan, ban ce muku irin wanda ke bin gida ne ba sai daga baya, shi ma a gutsure.

Bayan na fita takaba na koma wurin likitar nan na ce ta auna ni. Na tafi da Fanna da Ari. Su biyun ba su da shi. Ari ya samu rigakafi tun yana jariri, Fanna kuma an yi mata yanzu. Ni ina da shi. Wannan ka sani. Abin da ba ka sani ba shi ne hirar da muka yi bayan nan. Ta tambaye ni me ya kashe mahaifiyata. Na ce kumburin ciki. Ta ce cikin ƴan'uwana fa? Na ce babban wanmu ya rasu da rawayan ido yana tsakiyar ƙarfinsa, aka ce sammu ne. Sai ta ce, "Mama, wanda ya ɗauki ƙwayar nan yana babba, galibi jikinsa yana korarta. Wanda ta zauna masa shekara da shekaru, yawanci tun yana jariri ya same ta, wurin haihuwa, ko askar wanzami ɗaya da aka yi wa yara da yawa aiki da ita, ko cikin wasan yara da ƙuraje. Mai yiwuwa ke da Baba kowa da tasa ya zo tun daga gidan iyaye. Ba wanda ya yi wa wani laifi."

Ban san yadda na iso gida ba. Mutumin nan bai ci amanata ba. Jariri ne aka yi wa aski ko tsaga a wani ƙauye na bakin ruwa, shi ke nan laifinsa. Kuma ina jin ya san abin da nake zarginsa da shi tun ranar da ya ɗauki buta ya fita, ya zauna da ni a haka, yana kirana Madam yana ba ni dariya.

Yanzu ga inda maganar ta zo kanka. A ɗaki na haife ka a Geskeru, ba a yi maka wannan rigakafi ba don lokacin bai iso mana ba, kuma wanzamin gari ne ya yi maka aski da kaciya. Cikin ƴaƴana kai ne ka fi zama a bakin wannan rami. Na san abin da ke hana ka. Ka riƙe kan babanka ka ga ƙarshen abin, kana ganin in aka ce kana da shi an karanta maka ranarka ke nan. Ba haka ba ne. Ga ni, ina zuwa ana duba ni, ana auna jini ana ɗaukar hoto, likita ta ce hantata tana nan da ƙarfinta. Babanka ba sani ne ya kashe shi ba.

In ka huta gajiyar hanya ka je asibiti a Damagaram ka ce a yi maka analiz na epatit B. In babu, ka karɓi allurar rigakafi ka cika ta. In akwai, ka riƙe likita ɗaya, ka koma duk lokacin da ya sa maka ko kana jin kamar ka ɗaga mota. In ya ba ka magani kada ka yanke shi da kanka. Ka nisanci giya, ka nisanci jiƙe-jiƙen masu talla a tasha, kada ka ci gyaɗa ko masarar da ta yi funfuna. In ka ga kana ramewa ba dalili kada ka jira, ko wane sakamako ya ce maka lafiya lau.

Sai maganar Yagana, yarinyar da kake nema. Na san da ita, uwa ba ta makancewa a nan. Yarinya ce mai hankali. Kafin a kai gaisuwa gidansu ka san matsayinka, ka gaya mata da bakinka. In ma kana da shi, allura za a yi mata ta kare ta, ƴaƴanku kuma a yi musu tun ranar haihuwa. Ni ba zan ce mata komai ba, maganarka ce.

Sauran nasiha, ta salla da abokai da riƙon amana, ka sha ta tun kana goye, ba sai na maimaita ba. Babanka ban samu na roƙe shi ba, ƙasa ta rufe wannan ƙofa, sai dai in bi shi da addu'a. Kai kuwa kana raye, kana iya ji. Ka yafe mini, ɗana. Kuma ka je.

Allah ya jiƙan babanka, ya sa haƙurinsa ya zame masa haske. Ya kwantar mana da ƙasarmu, ya mai da manoma bakin ruwansu. Kai kuma ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka lafiyar jiki da ilimi mai amfani, ya dawo mini da kai da ƙafafunka.

Mahaifiyarka,
Falmata